Supernatural Zango na 7: Shin Tun Nan Aka Sauka Daga Layi?

Bashir: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau zango na 7 na Supernatural za mu taɓa, fim ɗin nan na Amurka mai dogon zango kan 'yan'uwa biyu, Sam da Dean, masu farautar dodanni da aljanu, kuma tun daga ƙofa na ga Hadiza ta ɗaure fuska.

Hadiza: Ai dole, Yaya Bashir. Ni a wurina labarin nan ya ƙare tun zango na 5, a 2010. Iya nan Eric Kripke, wanda ya ƙirƙiri fim ɗin, ya tsara shi: Sam ya faɗa rami da Lucifer, wato Shaiɗan, a jikinsa, Dean ya koma rayuwar gida. Amma da tashar CW ta ga kasuwa na ci, sai aka yi ta jan zare har zango 15, kashi 327.

Nura: To amma me ya sa na 7 kika tsana?

Hadiza: Saboda duk abin da muke so sai da Sera Gamble, wadda ta gaji Kripke wajen jagorantar fim ɗin, da marubutanta suka ƙwace. Castiel, mala'ikan nan abokinsu Dean, ya nutse a ruwa tun farkon zangon, aka daɗe ba a gan shi ba. An harbe Bobby, mutumin da ya zame musu uba. Hatta motar Dean, Impala ɗin nan ta 1967, ɓoye ta aka yi kusan zangon gaba ɗaya.

Bashir: Wallahi batun motar ya fi min ciwo.

Nura: Ni kuma ina ganin da gangan ne. So ake ka ga yaran nan ba gida, ba uba, ba mota, ka ga me zai rage. Kuma kashin da Bobby ke gargarar mutuwa yana yawo cikin tunaninsa, ku faɗi gaskiya, akwai wanda bai ji shi a ransa ba?

Hadiza: Wannan kam na sallama maka. Matsalar dodannin ce. Waɗanda suka gama da Lucifer, sai a kawo musu Leviathan, halittun da sinadarin wanke-wanke ke ƙona su? Haba Nura!

Nura: Ai shaguɓe ne ga manyan kamfanonin Amurka. Shugaban Leviathan ɗin, Dick Roman, attajiri ne mai kwat, yana zuba wa mutane wani abu a abinci don su yi ƙiba su dakushe, a riƙa cin su kamar dabbobin kiwo.

Bashir: Shaguɓen ya fito, tsoron ne bai fito ba. Ni don tsikar jikina ta tashi nake kunna fim ɗin da daddare.

Nura: Kar dai ku manta a zangon ne aka kawo Charlie da Kevin Tran, waɗanda suka zama abokan tafiyar su Dean.

Hadiza: Can wajen ƙarshe, bayan mutum ya gama gajiya.

Bashir: To ku da ke sauraro, ku turo mana saƙon murya, Hadiza ko Nura. Mako mai zuwa Dean yana Purgatory, lahirar dodanni, za mu shiga zango na 8.