Umarar Farko Tare da Baba ko Umma: Aikin da Ke Jiran Ɗan Rakiya

Assalamu alaikum, masu kallo. Matasanmu da dama, hatimin farko da aka buga musu a fasfo na Saudiyya ne. Baba ko Umma za su tafi Umara, sai a duba cikin 'ya'ya a ce, "Wane, kai za ka raka su." Idan kai ne wanen nan, ko ke ce, zauna mu yi magana.

Da farko dai ka cire wa ranka cewa buɗe ido za ka je. Tafiyar yau ta koma cikin waya: biza tana waya, tikiti yana waya, izinin shiga Rauda ta masallacin Annabi a Madina ma a manhajar Nusuk ake nemansa. Baba ya fi ka sanin addu'ar ɗawafi, amma a wannan ɓangaren kai ne idonsa.

Fasfo daga Hukumar Shige da Fice ake karɓarsa, kuma sai da lambar NIN. Ka tabbata suna da ranar haihuwar da ke kan NIN sun dace da na sauran takardunka, domin harafi ɗaya kan tsayar da aiki. Wanda bai kai shekara 18 ba, za a nemi takardar haihuwarsa da takardar amincewar iyaye. Ka buɗe fasfon Baba shi ma ka duba, kada ya rage masa ƙasa da wata 6. Sai rigakafi: shawara, sanƙarau da shan inna. Allurar shawara da ta sanƙarau ana so a yi su aƙalla kwana 10 kafin a isa, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya.

Yanzu kaya, kuma a nan nake so ka kasa kunne sosai. A ƙarshen 2018 wata ɗaliba ta tashi daga Kano da iyalinta za su yi Umara. Bayan sun isa, hukumomin Saudiyya suka kama ta saboda wata jaka mai ɗauke da sunanta da aka samu ƙwayar tramadol a ciki. Jakar ba tata ba ce. Binciken hukumar NDLEA ya gano wasu ɓata-gari ne suka maƙala sunanta a jikin jakar tun a filin jirgi. Sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan kusan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Saboda haka ka tsaya da ƙafarka a wurin awon kaya. Ka ƙirga jakunkunanku, ka ƙirga 'yan takardun shaidar da aka manna muku, su zo daidai, sannan ka ɗauki hotonsu. Duk wanda ya ce, "Don Allah ɗan riƙe mini wannan saƙon, a Jidda za a karɓa," ka ba shi haƙuri. Na san iyayenmu da kara, Baba zai ji nauyin cewa a'a. To kai ka faɗa a madadinsa, cikin ladabi. Goro ma a bar shi a gida, Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba. Maganin hawan jini ko na ciwon suga kuwa a bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita, a jakar hannu.

Daga Kano zuwa Jidda kusan awa 5 ne a sama, kuma agogonsu yana gaban namu da awa 2, sai ka lura da lokacin shan maganin Baba. Idan Makka za ku fara zuwa, a cikin jirgi za ku wuce miƙati, wato iyakar da ake ɗaukar harami. Maza su ɗaura harami tun a filin jirgi, don banɗakin jirgi ba wurin da dattijo zai canza tufafi ba ne. Idan an yi sanarwa sai a yi niyya a fara talbiyya. Idan kuwa Madina za ku fara sauka, sai ranar tafiya Makka za ku ɗauki harami a Zulhulaifa, wurin da aka fi sani da Bi'ir Ali. Tsakanin biranen biyu akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, ya fi mota sauƙi ga mai ciwon baya.

A Masallacin Harami na Makka, babban abin tsoro shi ne rabuwa. Mutane sun yi yawa, maza duk farare, cikin ƙiftawar ido sai ka nemi Baba ka rasa. Tun a masauki ka karɓi katin otal ka sa masa a 'yar jakar wuya, ka rubuta lambar wayarka ta Saudiyya a baya. Ƙofofin masallacin suna da suna da lamba: Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce ta 1, ta Sarki Fahad ta 79. Ku zaɓi guda ɗaya ku ce, "In mun rabu, a nan za mu haɗu." Namijin da ya raka mahaifiyarsa ya ƙara kula da wannan a Madina, inda ɓangaren mata daban yake, lokacin shigarsu Rauda ma daban.

Ɗawafi zagaye 7 ne, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa shi ma 7, kuma sa'ayin kaɗai ya kai wajen kilomita 3, a kan daɓe mai tauri, babu takalmi. Kai jininka na tafasa, kana so ka kutsa ka sumbaci Hajarul Aswad. Bari. Nuna shi da hannu daga nesa ya wadatar, kuma tura dattijo cikin wannan turmutsitsin haɗari ne. Ka yi tafiya da saurin ƙafarsa. In ka ga numfashinsa ya canza, ku tsaya ku sha Zamzam. In ya gaza, akwai keken turawa a masallacin, zai iya cewa shi lafiyarsa lau, sai ka lallaɓa shi: "Baba, ka bar ni in sami ladan tura ka."

Ranar dawowa, ku auna tsaraba tun a masauki, dabino da jallabiyoyi suna da nauyi fiye da yadda ake zato. Zamzam kada a cusa shi cikin akwati. Ana sayar da galan mai lita 5 da aka shirya don jirgi, ɗaya ga kowane mutum. Sannan ka sake tsayawa a wurin awon kaya a Jidda ko Madina, ka ƙirga jakunkuna da takardunsu kamar yadda ka yi a Kano, kuma kada ka yar da takardun sai jakar ƙarshe ta fito ta shiga hannunka.