Lacca: Kiran da Saiwar Shuka Ke Yi a Ƙarƙashin Ƙasa

Assalamu alaikum, jama'a masu saurare. Akwai wani nau'in naman gwari da ke zaune cikin ƙasa, wanda masana ke kira maikoriza, mai zaruruwan da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Yakan kutsa cikin saiwar shuka ya yi rassa, sannan ya baza sauran zaruruwansa zuwa inda saiwar ba ta iya kaiwa, ya ɗebo mata sinadarin fosfaras, ita kuwa ta biya shi da sukari da maiƙo.

To, yaya yake gane cewa akwai saiwa kusa da shi? A 2005 wani masani mai suna Akiyama da abokan aikinsa a Japan suka tabbatar cewa saiwar ce ke tsiyayar da wani sinadari mai suna sitirigolakton, kuma da zarar ɗan ƙanƙaninsa ya taɓa naman gwarin sai zaruruwansa su yi ta tsaga rassa har su riski saiwar. Shuka kuwa takan yawaita wannan kira idan ƙasa ta yi ƙarancin fosfaras.

Ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Tun 1966 aka tace irin wannan sinadari daga saiwar auduga, amma a lokacin an san shi ne da tsirar da ƙwayar wuta-wuta, wato ƙuduji. Ƙwayar nan, ƙanana kamar ƙura, takan yi fiye da shekara 10 kwance a ƙasa tana jira, kuma kiran da dawa ko gero ke yi wa naman gwarin shi ne yake tashe ta, ta manne wa saiwar tana tsotsa tun kafin furenta ya bayyana. Saboda haka manomin da ya ce wuta-wuta ta fi cin gonar da ta gaji ya faɗi gaskiya, kuma ina ganin bai kamata a raina wannan sani nasa ba.

Idan aka sa takin gida ko supa, kiran yakan ragu. Yakan ragu kuma bayan naman gwarin ya zauna cikin saiwa; a arewacin Kamaru an gwada zuba shi a gonakin dawa da masara, aka ga wuta-wuta ta yi sauƙi. Auduga kuwa tana tsirar da ƙwayar ba tare da ta ba ta wurin kamawa ba, sai ta mutu, shi ya sa ake shawartar manoma su riƙa sauya auduga da hatsi a gona guda.