Bakin Gareji: Me ke sa taya tsalle idan an taka totur da ƙarfi?

Bello: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga Sakkwato birnin Shehu. Bello ne, ga Aminu a gefena, ga kuma Oga Umaru da ya rufe gareji da wuri saboda mu. Oga, sannu da zuwa.

Oga Umaru: Yawwa Bello, sannunku dai. Ya zafi?

Aminu: Da godiya, Oga. Ga abin da ya tara mu. Mutum yana da mota mai ƙarfi, yana tsaye, ya taka totur har ƙasa. Maimakon ta zabura, sai bayanta ya kama duka, dam-dam-dam, har daskbod na rawa. Samari na cewa ƙarfin inji ne ya yi yawa.

Oga Umaru: Ƙarfin inji shi ka tono matsalar, amma ba shi ad da laifi ba. Ka lura, taya ba a jikin mota take kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai bushin na roba, akwai sifirin, akwai shokabsoba. In ka taka, taya ta damƙi kwalta, sai robar nan ta matse, shaf, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga taya, ya ɗan murɗe. Kamar danƙon harbin tsuntsu ne da ka ja. Da ya kai iyaka sai taya ta kuɓuce, duk abin da ya murɗe ya warware lokaci guda, taya ta sake damƙa, a sake sabon zagaye. Sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wanga shi ne dukan da kake ji.

Bello: Wato ba santsi ba ne zalla.

Oga Umaru: A'a. Da santsi ne zalla, taya ta yi ta juyawa tana hayaƙi, da ya fi sauƙi ga mota. Kamawa da sakewa shi ka kashe ƙarfe. Kowane duka yana sauka kan shaf, kan haƙoran bak-aksul, har giyabos. Shaf na iya tsinkewa nan take.

Aminu: Abin da ya sa na damu da batun nan, Oga, ba tsofaffin motoci kaɗai yake kamawa ba. Ford Mustang ta daɗe da aksul guda a baya, sai a samfurin 2015 aka ba kowace tayar baya nata ƙafafun a dukkan nau'o'inta. Motar ta ƙara daɗin kwana, amma masu ita a Amurka suka yi ta kuka da wannan tsallen, saboda firam ɗin da ke riƙe ƙafafun bayan yana zaune ne kan roba mai laushi. Cadillac ma ta sha wannan kuka a CTS-V ta farko. Da suka fito da ta 2009, sai suka yi shaf ɗin hagu da na dama kauri daban-daban, don kada su riƙa murɗewa da warwarewa tare. Dabarar nan tana burge ni ƙwarai, don ba su ƙara wani ƙarfe ba, sun dai hana ɓangarorin biyu haɗa baki.

Oga Umaru: To in haka take ga sabuwa dal, mi kake zato ga wadda ta zo ta Kwatano, ta shekara goma a waje, sannan ta faɗo cikin ranar Sakkwato? A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40. Roba na bushewa ta tsage. Kuma lokacin hunturu ƙura na kwanciya bisa kwalta, nan taya ta kama, can ta zame.

Bello: Mai mota ya zo gare ka, ta ina kake farawa?

Oga Umaru: Daga mai arha. Gejin iskar taya shi an na farko, don masu faci da yawa na cika iska fiye da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, taya ta yi tauri ta riƙa dira. Sai shokabsoba: in ya zubar da mai, babu abin da zai danne taya in ta tashi. Sannan in ɗaga mota in sa ƙarfe in gwada bushin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mutu a canza. Mai son ya ƙara, akwai bushin na foliyuritan, ya fi roba tauri, akwai kuma zoben ƙarfe da ake sawa a ɗaure firam ɗin baya ya daina motsi.

Aminu: Amma a gaya wa mutane gaskiya, yana da farashi.

Oga Umaru: Ƙwarai. Ƙara da girgiza za su shigo cikin mota, kowane rami a hanyar Illela sai ka ji shi a ƙugunka. Shi ya sa ba ni ba kowa shawarar ya kai can.

Bello: Masu Golf da Civic fa, da gaba ke ja?

Oga Umaru: Su injin sit za a fara dubawa, wato mazaunin roba da ke riƙe inji. In ya saki, inji na gaba yana baya, tayar gaba ta kama tsalle. Hilux kuwa, in babu kaya a baya, sifirin ɗinta na faifai ne ka lanƙwashewa, aksul ya juya ya dawo. Ita sandar riƙe aksul ake ƙara mata.

Aminu: Direba kuma, a daidai lokacin da abin ya fara?

Oga Umaru: Ya ɗaga ƙafa nan take. Kada ya ce bari ya danne ta wuce, a nan shaf ka karyewa. In giyar hannu ce, ya saki kuloci a hankali maimakon ya watsar da shi, ya ƙara wuta bayan mota ta fara tafiya. Kuma don Allah, ba a titin Ahmadu Bello ake gwada wanga abu ba, ga 'yan kabu-kabu, ga yara 'yan makaranta.

Bello: Oga Umaru, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Aminu, mako mai zuwa batun birki ne ko?

Aminu: Birki ne, in Allah ya kai mu.