Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Kwamfuta da Faya-fayanta

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan mako duka a kan tsofaffin kwamfutoci suke, irin waɗanda aka jibge a sito tun shekaru aru-aru.

Ta farko daga wani malamin makaranta mai ritaya take a Argungu. Ya ce ya tarar da wata kwamfuta ƙirar 486 a ɗakin ajiyarsa, ta daɗe ba a kunna ta ba, yana tambaya ko ya jona ta da wuta ya ga halin da take ciki.

Malam, Allah ya ƙara lafiya, don Allah kada ka jona ta tukuna. Kamfanin Intel ya fitar da 486, wato na'urar sarrafa bayanai da kwamfutar ta samo sunanta daga gare ta, a 1989, wato ita ake yayi lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, saboda haka injin da ke hannunka ya kai kusan shekara 30 ko ma fiye, kuma akwai kayan cikinsa da ke lalacewa ko ba a taɓa su ba. Ka fara da duba bayan akwatin wutar, wato sashen da ke rarraba wa kayan cikin injin wuta. Yawancinsu suna da wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ce, kuma injin da aka shigo da shi gwanjo daga Amurka yana iya zama a kan 115; idan aka jona shi a haka, nan take zai ƙone.

Bayan nan ka kwance murfin, ka kaɗe ƙurar hunturu da burushi mai laushi, sannan ka nemi batirin agogo. A kan babban allon cikin injin, wanda sauran kayan ke haɗuwa a kansa, a injina da yawa na 386 da 486 batirin ɗan ƙarami ne mai siffar ganga, shuɗi ko kore, an like shi da dalma kusa da inda ake soka wayar allon rubutu. Shi ne babban abin da ke kashe waɗannan injina, domin idan ya tsufa yakan yoyo, ruwansa ya bi siraran layukan tagulla yana cinye su. Alamarsa ita ce wani ɓawo fari ko kore-kore a ƙafafunsa da kewayensa. Idan ka ga haka, a yanke batirin a fitar, a goga ruwan khal a wurin da tsohon burushin haƙori domin ya kashe kaifin abin da ya zuba, a wanke da sifirit, a bar allon ya bushe sarai. Layin da ya riga ya tsinke kuwa, mai gyara zai iya haɗa shi da siririyar waya. Ka kuma duba kafasitoci, wato ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon: duk wanda kansa ya kumbura ko ƙasansa ya jiƙe, canza shi za a yi. Daga ƙarshe a gwada akwatin wutar da mita kafin a haɗa shi da allon, a tabbatar jar waya tana ba da bolt 5, rawaya kuma bolt 12. Abu ɗaya da zan roƙe ka shi ne kada ka buɗe monitar mai ƙaton baya da kanka, domin takan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire ta daga soket. Wannan aikin mai gyaran talabijin ne.

Wani mai gyaran rediyo daga Jega ya rubuto cewa tasa ta tashi, fanka tana juyawa, amma wani lokaci sai ta yi ta ƙara ba hoto, wani lokaci kuma ta ce ba ta ga faifan ajiya ba. Ɗan'uwa, ƙarar nan saƙo ce, kuma ma'anarta ta danganta da kamfanin da ya rubuta manhajar tashin allon, ko AMI ko Award. Ƙara ɗaya gajeriya dai galibi lafiya take nufi. Ka cire komai, ka bar ram, wato ƙwaƙwalwar injin, da katin hoto kawai, ka goge haƙoransu da magogin fensir, ka mayar da kyau, sannan ka riƙa ƙara kayan ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Batun faifan kuwa, kada ka yanke masa hukuncin mutuwa. Tsofaffin alluna ba sa gane faifai da kansu, sai an shigar musu da lambobinsa da hannu, kuma da zarar batiri ya mutu sai su manta. Sau da yawa lambobin suna nan a rubuce a jikin takardar da ke manne a kan faifan.

Wasiƙar da ta fi taɓa mini zuciya ta wata Hajiya ce daga Yauri. Maigidanta ya rasu ya bar kwali cike da faya-fayan flofi, ciki har da lissafin kasuwancinsa da wasu rubuce-rubuce, tana tambaya ko sai an gyara kwamfutarsa kafin a karanta su. Hajiya, Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa aljanna ce makomarsa. Ba sai an gyara ta ba, kuma a ganina ceto abin da ke cikin faya-fayan ya fi gyaran injin gaggawa nesa ba kusa ba. Idan ƙananan ne masu tauri, na inci 3.5, akwai na'urar karanta su da ake sokawa a kwamfutar zamani ta USB. Kafin a saka kowanne, a ture ɗan makullin da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, domin hakan ne ke hana a rubuta wani abu a kai. A kuma zame ƙarfen bakinsa a leƙa cikin da kyau. Yauri tana bakin kogin Kwara, akwai laima, kuma laima takan sa fumfuna ta fito a jikin faifan. Wanda aka ga ɗigo-ɗigon fari a kansa a ware shi gefe, domin idan aka juya shi a haka zai karce kansa, ya kuma ɓata na'urar. Idan Windows ta tambaya ko a share faifan a sabunta shi, a ce a'a, ko sau nawa ta tambaya. Galibi faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da megabait 1.44, don haka kwalin gaba ɗaya ba zai cika ko ƙaramin katin waya ba. A kwafe a ajiye a wuri biyu. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe takardun WordPerfect da lissafin Lotus 1-2-3. Manyan faya-fayai masu laushi na inci 5.25 kuwa sai an nemo tsohuwar na'urarsu, a haɗa ta da wani ɗan allo mai suna Greaseweazle. Kafin lokacin, a nisanta kwalin da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, kada kuma a bar shi a ɗakin kwano lokacin bazara.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Zuru, wanda ba shi da tsohon inji amma yana son ya ga yadda suke aiki. Ƙanena, kwamfutar da ke gabanka ta isa, domin akwai manhajojin kwaikwayo da ke sa sabon inji ya yi aiki tamkar tsoho. DOSBox, wadda ta fito a 2002, tana tafiyar da shirye-shiryen DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin wancan zamani. 86Box tana kwaikwayon allo guda takamaimai har da saurinsa, tun daga IBM PC ta 1981 zuwa zamanin Pentium. VICE kuma ta Commodore 64 ce, injin 1982 mai ƙwaƙwalwar kilobait 64. Da ita nake ba ka shawarar farawa, domin tana tashi kai tsaye cikin BASIC, harshen rubuta shirin kwamfuta, kuma wanda ya koyi tsara shiri a ɗan wuri irin wannan yakan fahimci abin da ke gudana a cikin inji fiye da wanda ya fara da na zamani. Ka dai sani tsufan manhaja ba ya cire haƙƙin mai ita. Idan kana buƙatar DOS, FreeDOS halal ce kuma kyauta. Abin da kwaikwayo ba zai koya maka ba shi ne riƙe mita da narka dalma, wannan kam sai ka zauna kusa da mai gyara a shagonsa.

Lokaci ya ƙure mana a yau, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.