Ka ci tsere, yaya za ka faɗa da Turanci?

Jama'a, barkanmu da war haka.

Yaro ya dawo daga gasar guje-guje ta makaranta yana haki, ya ce wa babansa: "I won Musa." Mu dai mun gane nufinsa, tunda a Hausa muna cewa na ci tsere, na cinye Musa. Amma a kunnen Bature, kamar an ba yaron Musa kyauta ne ya ɗauko shi zuwa gida.

Ga inda gizo ke saƙa. "Win" na abin da aka ci ne, tsere ko kofi ko lambar zinare. "Beat" kuma na mutumin da aka kayar. Sai ka ce "I won the race", ko "I beat Musa." Idan kana so ka sauƙaƙa wa kanka, "I came first" ya isa. "I carry first" kuwa Burokan ce, a bar ta a majalisa.

Sauran maganar ita ce tazara, kuma yawancin kalamanta daga filin sukuwa Turawa suka samo su. Ɗauki "hands down". Mahayi ne ya yi wa sauran fintinkau, har ya sassauta linzami ya sauke hannu tun bai kai layi ba. Ku tuna Usain Bolt a Beijing a 2008: saura 'yan taku ya buɗe hannuwa yana bugun ƙirji, kuma duk da haka ya gama mita 100 a daƙiƙa 9.69. To, "he won hands down" ke nan. Ni na fi son "he left them in the dust", domin daidai take da tamu, ya bar su suna shan ƙura.

Idan kuma kan-kan-kan ake tafiya, "neck and neck" ake cewa, wuyan doki a jikin wuyan doki. Wanda ya sha da kyar, "he won by a nose." A Paris a 2024, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk 9.79 allo ya ba su. Sai da aka duba hoton layi aka ga Lyles ya riga da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Sunan wannan "photo finish", Thompson kuma shi ne "runner-up".

Yanzu ku dakatar da bidiyon, ku gyara wa yaron nan jimlarsa da babbar murya.