Gwajin kilas na abstirak: inda NullPointerException ke fitowa

Salamu alaikum jama'a. Daga Yaba har Agege, masu rubuta Java kuka ɗaya suke yi: IntelliJ IDEA, manhajar rubuta Java, ya ƙirƙiro gwaji, an danna, allo ya yi ja.

Ga misalinmu, manhajar POS. Kilas ɗin Biya abstirak ne, yaransa biyu, Kati da Tiransifa. Ku danna Ctrl, Shift da T, ku zaɓi JUnit 5, kayan aikin gwaji na Java, ku yi wa metod ɗin da za ku gwada alama. IntelliJ zai ba ku ƙwarangwal kawai, ku za ku cika ciki. In kun rubuta new Biya, Java zai ƙi. Abstirak kamar awon tela ne, sai an ɗinka ake sakawa.

Sai mutum ya ɗauko Mockito, kayan aikin ƙera abin bogi don gwaji, ya yi mock, wato Biya na bogi, da CALLS_REAL_METHODS don ya kira metod na gaskiya. To, a nan ku natsu.

Mockito yana amfani da wani kayan aiki, Objenesis, wajen samar da abin, ba tare da ya kira kwanstirakta ba, wato sashen da ke shirya sabon abu. A cikin Biya akwai layin jerin ciniki da aka ce new ArrayList. Wannan layin bai taɓa gudana ba, domin tare da kwanstirakta yake tashi. Jerin yana nan null. Metod na gaskiya ya miƙa hannu ya saka ciniki, sai ya tarar babu komai. Nan NullPointerException ke fitowa. Kod ɗinku lafiya yake, abin gwajin ne bai gama ginuwa ba.

Gyara biyu ne. In kwanstirakta ba ya karɓar komai, ku yi spy na Mockito kan kilas ɗin maimakon mock, zai kira shi. In yana karɓar lambar na'ura ko sunan ɗan kasuwa, ku yi withSettings, sannan useConstructor, ku miƙa masa su.

Saura tarko ɗaya, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Metod ɗin caji abstirak ne, ba shi da jiki, don haka Mockito zai mayar da sifiri. Gwaji ya yi kore, alhali cinikin naira 5,000 ya wuce ba caji! Ku ɗaure shi da doReturn, ku sa naira 100.

Ni dai, in metod abstirak ɗaya ne ko biyu, na fi son ƙaramin ɗan kilas a cikin fayil ɗin gwajin. Layi biyar, kwanstirakta ya gudana, kowa ya gane. Sakamakon: kore, kuma jimilla 5,100.