Lacca: Fili, gini da kasuwanci a sababbin unguwannin gefen Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, Alhazai da Hajiyoyi, malamai, 'yan kasuwa da matasa, barkanmu da warhaka.

Maganarmu ta yau a kan unguwannin da ke tasowa a gefen birnin Kano ce, da yadda mutum zai zuba kuɗinsa a can ya ga amfaninsu. Cikin ƙananan hukumomi takwas da ake lissafa su a ƙwaryar birni, shida sun kusa cika: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni da Nassarawa. Sauran biyun, Kumbotso da Ungogo, su ne suke karɓar jama'ar da ciki ya yi wa kaɗan, kuma su ma sun fara tunkuɗa mutane zuwa Dawakin Kudu, Gezawa, Tofa da Dawakin Tofa. Abin da nake so mu riƙe shi ne, unguwa ba ta girma rana ɗaya. Mataki-mataki take bi, kuma kowane mataki da kasuwancin da ke ci a cikinsa. Mafi yawan asarar da ake yi, mutum ne ya kawo abu mai kyau a lokacin da wurin bai kai gare shi ba.

To, da farko me ke jan mutane zuwa wuri? Aiki da hanya. Ku bi titunan da suka fita daga gari ɗaya bayan ɗaya. Titin Zariya akwai babbar kasuwar Dangwauro inda aka mayar da masu sarin magunguna, ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana. Ta Panshekara akwai masana'antun Challawa, ga tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki wadda aka buɗe a Janairun 2023. Titin Gwarzo akwai sabon mazaunin Jami'ar Bayero, shi ya raya Danbare da Rimin Gata har zuwa Janguza. Titin Katsina akwai kasuwar hatsi ta Dawanau da rukunin Bandirawo. Kowace hanya da irin mutanenta. Ɗalibin jami'a ɗaki ɗaya yake nema mai banɗaki a ciki da ruwa da wuta. Mai sarin riɗi da zoɓo a Dawanau sito yake nema wanda tirela za ta juya a gabansa. Ma'aikacin kamfani a Challawa ciki da falo mai sauƙin haya yake nema. Wanda ya gina katafaren gida mai ɗakuna biyar a wurin da ake neman sito, kuɗinsa ya kwanta.

A nan zan ja kunnenmu kan sayen fili saboda labari. An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, an fara aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020. Ayyuka ne na gaske, amma manyan ayyuka kan ɗauki shekaru fiye da yadda aka faɗa, dillalai kuwa tun ranar da aka sanar suke ɗora kuɗin a kan fili. In kuɗinka ne na ajiya wanda ba ka buƙatarsa shekara biyar zuwa goma, bismillah. In jarin shagonka ne ko bashi, kada ka soma.

Sai takarda, kuma a nan zan daɗe, don nan ne dukiyar mutane take salwanta. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya izinin zama ne da amfani, wanda a gidan zama yawanci shekara 99 ne. Dokar ta ce ba a sayar da fili mai takardar C of O, wato takardar izinin zama da gwamna ke bayarwa, ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a. In aka karɓa, abin da ake biya diyya a kai shi ne abin da ka ɗora a wurin, gini ko itatuwa ko amfanin gona. Rusau ɗin da aka yi a cikin gari a watan Yunin 2023 ya nuna mana cewa ko takarda ma sai an duba asalin filin da aka ba da ita a kai: filin idi ne, na makaranta ne, na maƙabarta ne?

Filaye iri biyu ne a bakin mutane, awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati yana da lambar tsari da lambar fuloti, an bar tituna, an ware wurin makaranta da asibiti. Ya fi tsada, amma banki yana karɓar takardarsa, kuma bincikensa a fili yake. Ka karɓi kwafin takardar ka kai ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen Kano a duba fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da shi, ana binsa kuɗin ƙasa na shekara-shekara, an taɓa soke shi? Sannan ka ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya je ya nemo duwatsun iyaka ya tabbatar fulotin da aka nuna maka shi ne na cikin takarda. Ana nuna wa mutum fuloti na bakin titi, takardar kuwa ta na layi na huɗu ce. Bayan biya, a rubuta takardar sauya mallaka wurin lauya, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. Mutane da yawa suna tsayawa a karɓar takardar asali su jefa a akwati, shekara ashirin sunan wani ne a fayil, sai ya rasu 'ya'yansa su taso.

Awon igiya kuwa gona ce mai ita ko dillali ya yanka. Sababbin unguwanninmu da yawa haka suka tashi, amma aikin binciken duk a kanka yake. Ka fara da maƙwabtan gonar ta kusurwa huɗu, su suka san mai ita tun kaka da kakanni. Ka je wurin mai unguwa da dagaci, su sa hannu da hatimi. In gado ce, ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ko kuma dukkan magada su sa hannu, mata da maza, har wanda yake Legas ko Saudiyya. Ɗa namiji babba ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da aka sayar maka. Ka leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA ka tambaya ko wurin ya faɗa cikin wani tsari na gwamnati ko hanyar da za a fitar. Ka biya ta banki, da sunan mai filin, ba dillali ba. La'adar dillali daban, a yi maganarta tun kafin ciniki ya faɗa. Wanda ya tura kuɗi daga nesa saboda hoton da aka aiko masa a WhatsApp, cinikin biri a sama ya yi.

Ga masu sayen gona su yanka, ga lissafi. Eka ɗaya ƙafa 43,560 ce murabba'i. Fuloti mai ƙafa 50 da 75 yana cin 3,750. A takarda eka za ta ba ka fuloti goma sha ɗaya da ɗoriya, amma in ka bar titi mai ƙafa 30 wanda motar yashi da motar kashe gobara za su shiga, takwas za ka samu. Masu haɗama sukan matse layi ya koma ƙafa goma sha biyu don su fitar da goma. Ranar sayarwa sun ci riba, amma unguwar ta lalace har abada: ba lambatu, ba wurin turken wuta, mota biyu ba sa wuce juna. Fuloti takwas a layi mai faɗi sukan fi goma a lungu kuɗi in an yi haƙuri.

Ƙasar kanta ma a duba ta. Lokacin ganin fili watan Agusta ne, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ku tambayi tsofaffin wurin ko a da kududdufi ne aka cike da shara, domin irin wannan ƙasa tana ci gaba da zama shekara da shekaru, gini ya tsage daga harsashi, kuma kuɗin da za ka kashe kafin ka taɓa ƙasa mai ƙarfi zai iya fin kuɗin filin. Ku ɗaga kai ku dubi sama. A Kumbotso akwai babbar tashar rarraba wuta, manyan layuka suna ratsa gonaki ta ko'ina. Layin wuta mai ƙarfin kilovolt 330 yana da haramin mita 50 da ba a gini a ciki, wato 25 kowane gefe, na 132 kuma mita 30. Titin tarayya yana da ƙafa 150 kowane gefe daga tsakiyarsa. Duk abin da ka gina a ciki, ranar da aka zo rushewa ba ka da bakin magana. Ruwa kuma, yawancin ƙasar Kano a kan dutse take, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa a burtsatse kai ka haƙa ka tashi a banza. A kira masu awon ruwa kafin a kira masu haƙa. Kusa da Challawa da Sharaɗa, inda ruwan majemu ya daɗe yana malala, a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a sha ko a sayar.

Yanzu matakan unguwa. Mataki na farko, ana ta yanka filaye ana kewayewa, ba kowa a zaune. Abin da ke ci a lokacin gidan bulo ne, da sayar da siminti, rodi, yashi da tsakuwa, da ruwan gini, da mai abincin leburori. Ku ga girman kasuwar: kewayen fuloti 50 da 75 ƙafa 250 ne, kusan mita 76. Layi ɗaya yana cin bulo kamar 170, layi tara a sama da biyu ko uku a ƙasa ya kai wajen 2,000. Fuloti ɗari a unguwa, bulo 200,000 ke nan na katanga kaɗai, ba a fara ɗaki ba. Mai gidan bulo ya sani, buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo talatin na inci tara ba, kuma a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Wanda yake fitar da hamsin a buhu, damina ɗaya katangarsa za ta kwanta, kuma a sabuwar unguwa kowa yana ganin katangar kowa, sunansa ya ɓaci ke nan.

Mataki na biyu, an fara tarewa, gida ɗaya a cikin uku da mutane. Nan ruwan sha ne sarki: burtsatse mai sola da tanki da famfuna, 'yan garuwa suna ɗiba. Sai shagon kayan masarufi, kemis mai lasisi, injin niƙa da markaɗe, cajin waya da POS, cika tukunyar gas, da Islamiyya da makarantar yara ƙanana. Hajiyoyi, wannan matakin naku ne, domin matar da ta tare a sabon wuri ba ta son hawa adaidaita sahu zuwa kasuwar Rimi saboda gishiri da magi, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Mataki na uku, an zuba kwalta, an kafa tiransifoma. Sannan ne jerin shaguna, gidan biredi, asibiti mai gadaje, ɗakin taron biki da gidan mai suke biyan kansu. Wanda ya gina ɗakin taro a mataki na farko zai shekara biyar yana biyan maigadi.

Game da gidan haya, ku riƙa yin lissafi ɗaya: hayar shekara a raba da duk abin da aka kashe, fili da gini. A ce gida ya ci naira miliyan 30, hayarsa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kashi huɗu cikin ɗari ke nan, shekara 25 kafin ya dawo da kuɗinsa, ba a cire gyara da watannin da yake zama ba kowa ba. A shekarar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Saboda haka ribar gidan zama tana cikin tashin darajar filin, haya ɗan abin cefane ce. Ƙananan ɗakuna da shaguna sun fi ba da haya a kan kowace ƙafa. Mai fuloti a kwana ya fitar da shaguna uku ko huɗu a gaba, da izinin KNUPDA, ya bar baya sai hayar shagunan ta tara kuɗin gini. Kuma a nisanta ramin masai da rijiya, mita 30 in fili ya bari, in bai bari ba a daidaita da maƙwabta tun kafin kowa ya haƙa nasa.

An miƙo tambaya a rubuce: mutum ya sayi fili ya ajiye don ya yi tsada, akwai zakka a kansa? Malamai suna nan za su ƙara bayani. Abin da ke cikin littattafan Malikiyya shi ne, wanda ya sayi fili da niyyar ciniki yana jiran kasuwa, ba ya fitar da zakka duk shekara, sai ranar da ya sayar ya fitar da ta shekara ɗaya, kashi biyu da rabi cikin ɗari, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kan jarin. Wanda sana'arsa ce saye da sayarwa kullum, shi yana ƙiyasta darajar filayen da ke hannunsa duk shekara ya fitar. Gidan haya kuwa ba a fitar wa ginin zakka, sai kuɗin hayar da ya taru ya kai nisabi ya shekara a hannu. Fulotin da mutum ya saya don ya gina ya zauna da iyalinsa, babu komai a kansa.